Wata Huɗu da Jar Mota Mai Kujera Biyu

Ina da shekara arba'in da bakwai, da mata, da 'ya'ya uku, da ciwon baya, lokacin da na sayi mota mai kujera biyu. Na faɗi haka tun farko ne don kada wani ya nema mini uzurin ƙuruciya. Da furfura a gemuna na je, na zagaya motar sau uku, na shafa bayanta kamar mai tayin saniya, na ce ina so.

Wanda ya sayar mini abokin karatuna ne tun sakandare. Ya yi shekaru a Abuja yana wata sana'a da bai taɓa iya bayyana mana ita ba, sannan ya dawo Gusau da baƙin tabarau, da magana ta hanci, da wannan motar. Ja ce jawur, gajera, ta kwanta da ciki a ƙasa kamar ƙadangare. Rufinta na wani baƙin yadi ne mai kauri. Idan aka danna wani maɓalli kusa da giya, sai rufin ya ɗaga, ya naɗe kansa, ya shige baya, a bar ka zaune daga kai sai sama. Ranar da ya fara nuna mana wannan a bakin ofishinmu, mun taru mu kusan goma, magidanta masu iyali, muna kallon yadi yana naɗewa, baki sake. Wani ma har da kabbara.

Ya jingina da ƙofar motar ya ce, "Wannan ba motar zuwa wuri ba ce. Motar jin daɗin hanya ce. Ku mutanen Gusau ba ku san bambancin ba."

Ya kamata a ce maganar nan ta ishe ni. Mutum ya gaya maka da bakinsa cewa motarsa ba ta zuwa wuri ba ce, me kuma kake jira? Amma ni abin da kunnena ya ɗauka shi ne "ku mutanen Gusau", kuma nan take na ji ba na son zama cikin "ku" ɗin nan. Shekara ashirin ina shiga ofis ɗaya, ina zama a kujera ɗaya, ina komawa gida ta hanya ɗaya, ba wanda ya taɓa waiwayowa ya dube ni. Ina da tsohuwar mota ruwan toka, doguwa, wadda ke kwashe mu duka har da buhun masara a baya, ba ta taɓa barina a hanya ba. Ita na sayar, na ƙara da abin da na ƙara, na karɓi makullin ja.

Gidana a Damba yake, kuma daga kwalta zuwa ƙofata akwai ɗan lungu da ruwan bara ya zaizaye. Tsohuwar motata ba ta ma san da wannan lungu ba. Jar kuwa tana sa ƙafa sai na ji ƙuuu a ƙarƙashina, kamar ana jan tukunya a kan siminti. Na ja da baya, na sake gwadawa a karkace, ta sake kuka. A ƙarshe a bakin shagon wani maƙwabcina na bar ta, na taka zuwa gida na kira maiɗakina ta zo ta gani.

Ta fito da hijabinta, ta tsaya nesa kaɗan. Ba ta taɓa motar ba. Ta leƙa ciki, ta leƙa baya, ta dube ni.

"Baban yara, mu nawa ne a gidan nan?"

Na ce, "Biyar."

"To na ga kujera biyu. Ɗaya taka ce. Wa ka zaɓa a cikinmu?"

Na fara yi mata bayanin ƙarfin inji, da yadda motar ke tashi daga tsaye ta kai wani irin gudu kafin mutum ya gama salati. Duk maganganun abokina ne, na haddace su. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni wanda zai kai yara makaranta gobe. Ban yi wannan tunanin ba. Wallahi ban yi ba. Washegari da sassafe na fita neman mai keke-napep da zai riƙa kwasar su, kuma a makon na sa aka zuba tifa biyu ta jan ƙasa a lungunmu don mota ta sami hanyar shiga gidan mai ita. Maƙwabta suka yi ta godiya, suna cewa na yi aikin lada.

Ranar farko da na tafi ofis da ita na buɗe rufin tun daga ƙofar gida. Da safe ne, iska na kaɗawa, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji wani abu a ƙirjina na kamar minti biyar. A shataletalen farko iska ta ɗauke mini hula. Wani ɗan kabu-kabu ya tsince ta, ya biyo ni yana hon, ya iso gefena ya miƙo mini ita. Miƙo ta ya yi ƙasa, don yana kan babur ya fi ni tsawo. A nan na fara gane matsayina a titi. Duk wanda ke kan hanya sama da ni yake. Mai keke yana kallon tsakiyar kaina. Bututun hayaƙin tirela daidai hancina yake. Masu tallar ruwa da goro ba sa buƙatar ƙwanƙwasa gilas, sai dai kawai in ga kaya a cinyata ana cewa in taya.

Gudun da aka sayar mini kuwa, ban gan shi ba. A cikin Gusau ban taɓa wuce giya ta uku ba. Kowane tudun rage gudu sai na tsaya cak, na karkata, na hau shi da taya ɗaya ɗaya kamar tsohuwa na hawan matakala, masu keke-napep sun yi layi a bayana suna ta hon. Da azahar na fito na tarar rana ta dafa kujerun fata, na zauna na miƙe ba shiri. Fita daga cikinta ma wani aiki ne. Sai na dafa ƙofa, na fitar da ƙafa ɗaya, na yi kamar zan durƙusa, sannan na ɗago, babbar riga ta maƙale a wani wuri. Duk wanda ya gan ni ina fitowa zai ɗauka gaisuwa nake kai wa wani babba.

A ofis mutane suka kasu biyu. Akwai masu cewa, "Ranka ya daɗe, mota ta yi, sai dai a yi ta addu'a," su ɗauki hoto a jikinta, in na juya baya in ji dariya. Waɗannan ban ga laifinsu sosai ba, don da wani ne ya saya, da ina cikinsu. Sai wata Hajiya da muka daɗe muna aiki tare, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Ta same ni ni kaɗai ta rage murya ta ce, "Malam, lafiya dai ko a gida?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Na ga motar ne na ce ko wani abu ya faru."

A ƙarshen mako na biyu na tafi Bungudu in nuna wa Kawu. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya sa ni makaranta alhali nasa 'ya'yan suna gona. Manomi ne, dogo, marar yawan magana, a lokacin ya haura saba'in amma kullum yana gona. Babban ɗansa sa'ana ne, taubashina, kuma tun muna yara ba ya raga mini.

Na tsaya a ƙofar gida na danna hon. Kawu ya fito da sandarsa, ya zagaya motar a hankali, ya ɗan ƙwanƙwasa taya da sanda.

"Mi ka sawo haka?"

"Mota ce, Kawu."

"Awo, na ga taya. Ina waccan?"

"Na sayar."

Ya leƙa cikin motar. Sannan ya ce, "Ina buhu ka shiga?"

Na buɗe masa but. Ya leƙa. Wurin bai fi a sa jakar tafiya ɗaya da takalmi ba, don rufin ne ke cinye sauran idan ya naɗe. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya tsare, ya koma inuwarsa. Taubashina kuwa ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye. Ya ce a garinsu akwatin aure ma ya fi wannan ɗaukar kaya.

Da zan tafi, Inna, matar Kawu, ta sa aka fito mini da rabin buhun gero kamar yadda ta saba. Ba inda zai shiga sai kujerar gefe. Muka ɗora shi. Ina tayar da mota sai ta fara ƙara, tin tin tin, ba ƙaƙƙautawa. Na duba ko'ina, na kira abokina a waya. Ya ce ai motar tana da hankali, ta ji nauyi a kujera, tana so fasinja ya ɗaura bel. Haka na sunkuya a gaban jama'ar unguwa na ɗaura wa buhun gero bel. Taubashina ya zagayo ya yi wa buhun sallama, ya ce ya gaida mutanen birni.

Tafiyar Tsafe ta zo ne bayan damina ta kankama. Maiɗakina 'yar Tsafe ce, ƙanwarta ta haihu, za a yi suna. Da can mukan cika tsohuwar mota mu tafi tare. Wannan karon na kai su tasha a keke-napep, ita da yara da kayan barka, suka shiga bas, ni kuma na koma gida na ɗauki motata na bi su ni kaɗai. Na gaya wa kaina cewa yau ce ranar da zan ga gudun nan. Hanya ce doguwa, gari ya yi luf, gonaki sun yi kore shar har gindin dutsen Kwatarkwashi. Na buɗe rufi, na cusa hula a ƙarƙashin cinya, na taka. Ta tashi kuwa, ba ƙarya. Sai rami. Na taka birki, na kauce, na sake takawa, sai wani ramin. Haka muka yi ta yi, ni da ita, tana zabura ina riƙe ta.

A wani shingen bincike aka ce in sauka gefe. Na fara laluben takardu, ashe ba su ake so ba. Samarin jami'an so suke su ga yadda rufin ke rufewa. Na nuna musu, suka yi ta mamaki. Wani babba a cikinsu, mai furfura kamar tawa, bai matso ba sai da zan tafi. Ya sunkuyo ya ce, "Malam, ka san halin da hanyar nan take ciki. Kowa yana ƙoƙarin ya wuce ba a gan shi ba, kai kuma ka zo da ja, kanka a waje. Don Allah ka koma da wuri." Na yi masa godiya. Daga nan har Tsafe ban ƙara jin daɗin iska ba. Duk inda na hango duhuwar itatuwa sai in ji wuyana ya yi tsawo.

Surukina dattijo ne mai kunya, bai taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba. Na iske shi zaune da baƙi a ƙofar gida, na yi fitowar nan tawa ta durƙuso, na ƙarasa na gaishe shi. Ya dubi motar, rufi a buɗe, ya ce, "Madalla, madalla. Allah ya sa alheri. Saman ne ba a kai ga sawa ba tukuna?" Da zuciya ɗaya ya yi tambayar. Yana nufin in ban sami halin ƙarasawa ba, ba komai, a hankali ake yi.

Maimakon in ce masa eh in zauna lafiya, sai na ce bari in nuna masa. Bayan an ci abinci, wajen la'asar, hadari ya fara haɗowa daga gabas, na ga lokaci ya yi. Na kira hankalin jama'a, na shiga, na danna maɓalli. Rufin ya fito daga baya, ya miƙe sama, ya kai rabi, ya yi wani ƙara kamar an shaƙe akuya, ya tsaya. Na sake dannawa. Shiru. Na kashe mota na kunna, na danna gaba, na danna baya. Yana nan a tsaye, baki buɗe yana kallon sama. Maza huɗu suka kama, biyu na ja biyu na turawa, ko motsi. Wani ya kawo man ja a kwalba ya ce a zuba a gaɓoɓin. Na kira abokina, wayarsa ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

Surukina ya ce in bar ta in kwana. Girman kai ya hana. Na tuna kuma da maganar jami'in nan, na ce gara in kama hanya da sauran rana. Ban yi nisa da gari ba ruwa ya sauko. Rufin da ya tsaya a rabi ya zama kamar buɗaɗɗiyar lema, yana tara iska yana jan motar baya, in na ƙara gudu sai ya fara jijjiga kamar zai tsinke. Dole na koma tafiyar keke. Ruwa na dukana a fuska, yana taruwa a cikin yadin, in na shiga rami ya juye mini a ƙeya. Shaddata sabuwa ta manne a jiki. Ƙafafuna suna cikin ruwa har idon sawu.

A wannan hali bas ɗin da iyalina ke ciki ya iso ni. Na gane shi ne don direban ya rage gudu, fasinjoji duka suka juyo. Na ga fuskar maiɗakina a taga. Ba ta yi dariya ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta juyar da kan autarmu zuwa ɗaya gefen. Bas ya wuce ya watsa mini ruwan kwata. Da na isa gida na tarar ta dafa ruwan wanka ta ajiye, da shayi mai citta. Ba ta ce komai ba, har yau kuma ba ta ce ba. Na fi son a ce ta yi faɗa.

Bakanikena tsoho ne, shekara goma sha biyar yana duba mini waccan motar. Ya kwana biyu yana binciken wannan, sannan ya kira ni. Ya ce wani ɗan inji ne a baya ya ƙone, kuma ya tambaya har Kano da Kaduna babu, sai dai a yi odarsa daga waje, a jira abin da Allah ya yi.

"Abin da zan iya yi maka biyu ne, Alhaji. In kwance shi in tura shi baya, ka zauna a buɗe har abada. Ko in jawo shi in ɗaure, ka zauna a rufe har abada. Zaɓi ɗaya."

Na ce ya rufe. Ya jawo shi, ya ɗaure da ƙarfe ta ciki, ya bi gefen da gam. Daga ranar na zama mai motar buɗewa wadda ba ta buɗuwa. Abu ɗaya tak da ya bambanta ta da sauran motoci ya tafi, ya bar ni da ƙunci, da zafi, da warin kujerun da suka sha ruwa, da ɗigo a kafaɗar hagu duk ranar da aka yi ruwa.

Abokina ya kira bayan kwana huɗu. Da na gaya masa, sai ya ce, "Ai ba a danna shi a kan gangara. Ka danna a kan gangara ko?" Na ce ƙofar gidan surukina a miƙe take kamar faranti. Ya ce to lallai na danna da ƙarfi. Motar, in ji shi, ba ta son hannun da bai saba ba.

Ina cikin wata na huɗu da ita, wata Talata da hantsi, taubashina ya kira ni ina ofis. Babu wasa a muryarsa. Ya ce Kawu ya zame a kan kunya a gona, ya faɗi a kan ƙugu, ba ya iya tashi. An ɗauko shi zuwa gida a kan amalanke, mai ɗori ya duba ya ce wannan ba nasa ba ne, a kai shi asibiti Gusau. Ya ce, "Ka zo da mota."

A duk zuriyar Kawu ni kaɗai ne mai mota. Shekara da shekaru, haihuwa ko ciwo, ni ake kira, kuma ina alfahari da hakan, don ita ce 'yar hanyar da nake rama abin da ya yi mini. Na fita da gudu. Ranar ce kaɗai motar ta yi abin da aka ƙera ta dominsa. Ban san lokacin da na isa Bungudu ba.

Na tarar da shi kwance a zaure a kan katifa, ya rufe ido, gumi na tsattsafo masa. Inna na gefensa tana masa fifita. Maza suka ɗauko shi da katifar har bakin mota, na buɗe ƙofa, sai kowa ya tsaya. Mutumin da ba ya iya lanƙwasa ƙugu, ta ina zai shiga? Na ja kujerar baya iyakarta, na nemi kwantar da ita, ta tokare da bangon da ke bayanta. Wani ya ce a gwada sa ƙafafu tukuna. Aka gwada. Da aka zo sunkuyar da shi don kansa ya wuce ƙarƙashin rufin, Kawu ya yi ƙara. Tun da nake ban taɓa jin muryar nan daga bakinsa ba. Na taɓa ganin ƙaho ya tsaga masa hannu yana ɗaure bijimi, ko uffan bai ce ba.

Taubashina ya ce, "Buɗe saman, mu sauke shi ta sama."

Na ce, "Ba ya buɗuwa."

"Ba ita ce mai buɗewa ba?"

"An ɗaure shi."

Ya dube ni. Na jira ya yi mini irin tsiyar da ya saba, ko da kalma ɗaya ce, in sami abin riƙewa. Bai yi ba. Ya juya ya ce wa mutane a mayar da Baba inuwa, ya tafi da sauri.

Ya dawo da wani maƙwabcinsu mai akori-kura, tsohuwa, ƙofarta ɗaya da igiya aka ɗaure. Takin zamani ya ɗauko zai kai ƙauye. Mutumin bai tambayi komai ba, ya hau baya ya fara sauke buhuna, jama'a suka taya shi. Aka share, aka shimfiɗa katifa biyu, aka ɗora Kawu a miƙe. Na ce wa Inna ta zo ta shiga tawa, ga kujera. Ta ce, "A'a ɗana, bari in zauna wajensa." Aka ɗaga ta ta hau baya ta riƙe masa lema. Taubashina ya zauna ya tallafe kan mahaifinsa. Abin da aka ba ni shi ne tabarma, da buta, da kwanon abinci, da ƙullin kayan sawa.

Haka muka kamo hanyar Gusau, akori-kura a gaba tana tafiya a hankali saboda ramuka, ni a baya. Ina hango lemar Inna tana rawa, da tafin ƙafar Kawu da ƙurar gona ba ta gama fita ba. Masu wucewa ba sa kallon su, ni suke kallo. Wasu samari a kan babur har suka ɗaga mini babban yatsa.

A ƙofar asibiti mai gadi ya tsayar da akori-kurar yana tambayar direban me ya kawo, ya hango ni a baya, ya bar su ya rugo ya buɗe mini ɗaya ƙofar yana sara mini. Na sauke gilas na ce masa marar lafiyan yana cikin waccan, ni ɗan rakiya ne. Ya dubi motata, ya dubi buta da tabarma a kujera, ya koma ya buɗe musu.

Ƙashin ya tsage ne, bai rabu ba. Likita ya ce da sauƙi, amma sai an kwantar da shi. Ban tambaya ko gwajin da muka yi a bakin motata ya ƙara masa wani abu ba. Tsoron amsar nake ji.

A makon na kai motar wurin dillalai na ce su nemo mai saye. Abokina ya ji labari ya zo har ofis, a cikin wata babbar mota mai kujera bakwai da ya saya da kuɗina. Ya cire tabarau ya ce, "Na san ba za ka iya da ita ba. Irin wannan tana son mai ɗanɗano." Na dube shi da kyau, karo na farko cikin wata huɗu. Tumbi ne da shi kamar nawa, rini ya fara barin gemunsa, kuma hancin da yake magana da shi na mutanen unguwarmu ne, na san mahaifinsa mai sayar da itace. Wannan ne mutumin da na sayar da motata don kada ya raina ni. Na ce masa ina da aiki.

Ta yi mako uku a wurin dillalai kafin wani saurayi ya zo daga Kaduna ya ɗauka. Sun gaya masa gaskiyar rufin, ya ce ba komai, shi launin yake so. Ban je ganin tafiyarta ba, makulli kawai na aika.

Ranar da aka sallami Kawu, motar Hajiyar ofishinmu na ara, mai faɗi, muka kwantar da kujerar gaba muka jera masa matasai. Inna da taubashina suna baya. Mun wuce gari, mun hau hanyar Bungudu. Gero ya fitar da kai a gonaki, Kawu yana ta kallonsa ta taga. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Wagga ba taka ba ce."

"Aro na yi, Kawu."

"Ina jar?"

"Na sayar."

"Wa ya saya?"

"Wani saurayi daga Kaduna."



"Yana da iyaye?"

Na ce ban tambaya ba.

Kawu ya gyara kwanciya a hankali, ya ce, "To, Allah shi ba su lafiya."

Taubashina ya fashe da dariya a baya, Inna tana dukan kafaɗarsa tana cewa ya bari. Ni ma na yi, kaɗan, idona a kan hanya.